Haƙƙin 'Ya'yanmu a Kan Hukumomin Ilimi na Jihar Legas

Jawabin da Sakataren Ƙungiya ya gabatar a taron iyaye maza da mata

Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, malamanmu, shugabannin kasuwa, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa, muna yi wa kowa barka da zuwa. Allah ya saka da alheri, musamman waɗanda suka rufe rumfunansu suka taho daga Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago.

Shugabannin ƙungiya sun ɗora mana nauyin mu yi bayani a kan abin da doka ta wajabta wa makarantun gwamnati da hukumomin da ke kula da su game da 'ya'yanmu. Mu ba lauyoyi ba ne, da yawanmu ma ajin yaƙi da jahilci ne ya koya mana karatun boko bayan mun yi gemu. Amma mun zauna da waɗannan dokoki mun karanta su sashe-sashe, kuma abin da muka gani a ciki ya sa muka ce lallai sai kowane magidanci ya ji da kunnensa. Dalili kuwa shi ne, har yau mutuminmu yakan shiga ofishin hedimasta yana sunkuyar da kai kamar mai neman alfarma, in an ce masa babu gurbi ko an ce ya kawo takardar asali, sai ya yi godiya ya juya da yaronsa. Ga shi kuwa a Agege aka haifi yaron, wani ma a Agege aka haifi kakansa.

Za mu fara da sanin wa ke da alhaki, domin mai kuka ya kamata ya san ƙofar da zai buga. Makarantun firamare na gwamnati suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB, wadda ofishinta ke Maryland. A kowace ƙaramar hukuma daga cikin 20 ɗin jihar akwai hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, mai Sakataren Ilimi a kanta, shi ne ubangidan hedimasta kai tsaye. Makarantun sakandare kuwa, ƙarama da babba, an raba su gunduma shida, kowace gunduma da shugabanta da ake kira Tuto-Janar, mai muƙamin Babban Sakatare. Gunduma ta ɗaya tana nan Agege, ita ke riƙe da Agege da Alimosho da Ifako-Ijaiye. Mutanenmu na Mile 12, da yake Kosofe suke, suna gunduma ta biyu. Na Obalende suna ta uku. Na Ebute Metta da Apapa suna ta huɗu. Na Alaba Rago, da yake Ojo suke, suna ta biyar. Na Mushin da Oshodi da Ikeja suna ta shida. A saman duka akwai Ma'aikatar Ilimi da ke Alausa. Kowa ya riƙe lambar gundumarsa.

To, me doka ta ce? A shekarar 2004 aka yi dokar ilimin bai-ɗaya ta tarayya. Sashe na 2 na wannan doka ya ce wajibi ne kowace gwamnati a Nijeriya ta ba kowane yaro ilimi kyauta kuma dole, shekara shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Kalmar da aka yi amfani da ita, kowane yaro ce, ba a ce ɗan jiha ba. Gwamnatin tarayya tana ware kashi 2 cikin 100 na babban asusunta domin wannan aiki, jiha ta kawo nata kason kafin ta ɗauka. Wannan kuɗi na Nijeriya ne baki ɗaya, da harajin mai sayar da albasa a ciki. Sashe na 3 kuma ya ce duk wanda ya karɓi kuɗi a kan abin da doka ta ce kyauta ne ya yi laifi, tararsa tana iya kaiwa naira 10,000, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Abubuwan da dokar ta lissafa a cikin kyautar sun haɗa da littattafai da kayan koyarwa da aji da kujerun zama, har da abincin rana. Kowa a nan ya san tazarar da ke tsakanin wannan lissafi da abin da yaronsa yake tararwa a aji. Duk da haka akwai bambanci tsakanin wanda ya san ana binsa bashi da wanda bai sani ba.

An daɗe ana cewa maganar ilimi kyauta da ke sashe na 18 na tsarin mulki buri ne kawai, ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa. Ranar 1 ga Maris 2017 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a John Tsoho, ta yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar lauyoyi ta LEDAP ta shigar, cewa tunda majalisa ta yi dokar 2004, ilimin firamare da ƙaramar sakandare kyauta ya zama haƙƙin da ɗan ƙasa zai iya nema a gaban kotu.

Amma fa wuƙar tana da kaifi biyu. Wannan doka dai ta ce uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta, karo na farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu. Wanda 'yarsa take yawo da farantin goro a bakin titin jirgi da ƙarfe goma na safe, shi ma doka tana da magana da shi.

Sai maganar wariya. Sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon ya zauna duk inda ya so a ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana gwamnati da jami'anta su tauye mutum saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa ko addininsa ko kasancewarsa mace ko namiji. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta maimaita wannan game da yaro, Jihar Legas kuma ta yi tata a 2007. Saboda haka hedimasta ba ya da hurumin ya ƙi ɗaukar yaro don uban ɗan Kano ne ko ɗan Sakkwato. Abin da za a iya tambayarmu, kuma ya dace mu tanada, shi ne takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa da katin rajistar mazauna jiha na LASRRA. Wannan kati na mazauni ne, ba ruwansa da asali, Bahaushe da Ibo da Bayarabe duk layi ɗaya suke bi. Wani lokaci kuma akan nemi shaidar biyan haraji a matakin sakandare. Mu yi waɗannan takardu tun kafin lokacin ɗaukar ɗalibai, kada mu ba wani kafar da zai fake da ita. Inda maganar asali take da ƙarfi har yanzu shi ne tallafin karatu na jiha da gurbin manyan makarantu, wannan kuwa zance ne na wani zama.

Wasu iyaye sun kawo mana ƙorafi cewa ana tilasta wa 'ya'yansu darasin Yarabanci. Jama'a, wannan ba wariya ba ce. Jihar ta yi doka a 2018 wadda ta wajabta koyar da Yarabanci a makarantunta, kuma yaron da zai yi ciniki a Ikko bai yi asara ba don ya iya rubuta harshen masu gari. Mu tanadi ƙarfinmu domin abin da ya cancanci faɗa.

Abin da ya cancanci faɗa shi ne irin na sashe na 38. Wannan sashe ya ce ba a tilasta wa ɗalibi ya karɓi darasin wani addini ko ya shiga bikin ibadar wani addini da ba nasa ba, ko wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. A kan wannan sashe da na 42 aka yi shari'ar hijabi. Wasu 'yan mata biyu 'yan sakandare, tare da ƙungiyar ɗalibai Musulmi reshen Legas, suka kai gwamnatin jiha ƙara. A watan Oktoba 2014 Babbar Kotun Jiha ta ba gwamnati gaskiya. Ba su haƙura ba, suka ɗaukaka ƙara, a watan Yuli 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wancan hukunci. Gwamnati ta wuce Kotun Ƙoli, ranar 17 ga Yuni 2022 alƙalai biyar cikin bakwai suka tabbatar cewa ɗaliba tana da ikon sa hijabinta a makarantar gwamnati. Ku duba tsawon lokacin, yaran da aka yi shari'ar dominsu sun gama sakandare kafin a kai ƙarshe, amma ƙannensu sun ci moriya. Yau malamin da ya cire wa yarinya hijabi a makarantar gwamnati ya saɓa wa hukuncin Kotun Ƙoli. Namu shi ne hijabin ya zama tsaf, ya dace da launin yunifom. Sai dai a lura, wannan sashe ya bar wa ƙungiyar addini ikon koyar da addininta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta, don haka wanda ya kai 'yarsa makarantar mishan ta kuɗi ya san inda ya kai ta. Kuma sashen da ya kare 'yarmu a nan, shi ne ya kare ɗan Kirista a makarantar gwamnati a Katsina, da 'yan'uwanmu Hausawa Kiristoci da ke zaune tare da mu a wannan zango.

Game da tsaron lafiyar yara, daga lokacin da yaro ya shiga ƙofar makaranta har a tashi, amana ne a hannun makarantar. Ba mu manta da ranar 13 ga Maris 2019 ba, da bene mai hawa uku ya rufta a Ita Faji cikin tsibirin Legas, da makarantar yara a samansa, mutum 20 suka rasu, da yawansu ƙananan yara. Gwamnan lokacin, Akinwunmi Ambode, ya ce makarantar ba ta da izinin zama a ginin. Haka kuma a watan Mayu 2017 'yan bindiga suka shigo ta ruwa suka sace ɗalibai shida a makarantar gwamnati ta Igbonla da ke Epe, sai bayan wata biyu aka sako su. Na biyun aikin gwamnati ne da jami'an tsaro. Na farkon kuwa ya shafe mu kai tsaye, domin nawa ne daga cikin makarantun kuɗi masu araha da Islamiyyunmu suke saman tsofaffin benaye na haya, da matakala ɗaya, yara tamanin a ɗaki biyu? Jihar tana da ofishin tabbatar da ingancin ilimi wanda ke ba makarantun kuɗi izini, tana kuma da hukumar duba gine-gine. Uba yana da ikon ya ce a nuna masa takardar izini kafin ya biya kuɗin zango. In bango ya tsage ko rufi ya lotsa a makarantar gwamnati, a rubuta wa Sakataren Ilimi a ranar, kada a jira damina.

Duka ma ya shiga wannan babi. Gwamnatin jiha ta hana dukan ɗalibai a makarantunta, dokar haƙƙin yara kuma ta hana a ji wa yaro rauni ko a wulaƙanta shi. Mu da muka tashi a gaban dorina muna iya ganin abin banbaraƙwai, amma in yaro ya dawo da kunne yana jini ko ido a kumbure, a kai shi asibitin gwamnati a karɓi takardar likita tukuna, sannan a je makaranta. Kada kowa ya ɗebi matasa ya je ya ci kwalar malami, wanda ya yi haka ya mayar da gaskiyarsa laifi.

Akwai kuma abin da ba ma son faɗa a bainar jama'a, amma dole a faɗa. In aka lalata yarinya ko yaro, a makaranta ko a hanyarta, wannan ba maganar sulhu ba ce a zauren mai unguwa. Dokar laifuffuka ta Jihar Legas ta tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya yi lalata da ƙaramin yaro. Akwai cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja, tana aiki tun 2013, ana duba yaro a yi masa magani kyauta kuma cikin sirri. A je da wuri, kafin a yi wanka ko a wanke tufafi. Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kusa da wannan magana, ku ne yarinya za ta fara gaya wa.

Yanzu mun zo kan abin da ya fi damunmu, wato yaranmu masu naƙasa. Babu layin da za ka shiga a zangon nan ba ka sami kurma ko makaho ko gurgu ko yaron da ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ta tsararsa ba. Sanƙarau da baƙon dauro sun kurmantar da wasu, shan inna ta kwantar da wasu. Ƙannensu suna fita da yunifom da safe, su kuma suna zaune a bakin ƙofa suna kallo. In ka tambayi uban sai ya ce ai makaranta ba ta karɓar irinsu, in ka tambaye shi ko ya taɓa kai shi sai ya yi shiru. Wani kuma ya kai, an ce masa babu malamin irin waɗannan yara, ya dawo ke nan.

Dokar 2004 da muka ambata ta sa naƙasassu da almajirai da 'ya'yan makiyaya da masu ƙaura a cikin waɗanda ilimin bai-ɗaya ya shafa. A 2011 Jihar Legas ta yi dokar mutane na musamman, ta kafa ofishin kula da al'amuran naƙasassu mai suna LASODA. Sannan a watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya. Sashe na 17 na wannan doka ya ce mai naƙasa yana da cikakken haƙƙin ilimi ba tare da wariya ko keɓewa ba, kuma karatunsa kyauta ne har ƙarshen sakandare. Ku lura, na sauran yara dokar tarayya ta tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, nasa ya zarce. Sashe na 18 ya ce kowace makarantar gwamnati ta zama mai karɓar naƙasassu, kuma ta kasance da aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar domin kula da karatunsu, tare da kayan aikin da suka dace. Wanda ya nuna wa mutum wariya saboda naƙasa, in mutum ɗaya ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in kamfani ne ko hukuma naira miliyan ɗaya. An ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyar shiga domin keken guragu, wa'adin ya cika a watan Janairu 2024.

Ma'anar wannan ita ce, in hedimasta ya ce ba ya da malamin kurame, abin da ya faɗa shi ne makarantarsa ba ta cika sharaɗin doka ba. Gibin na hukuma ne, ba yaron zai biya ba. Abin da za mu ce masa cikin ladabi shi ne, to ranka ya daɗe, a rubuta mana inda za mu kai shi. Domin akwai inda za a kai shi. Jihar tana da sassa na musamman a cikin wasu makarantun firamare da sakandare na gwamnati, inda yara masu naƙasa ke karatu a harabar ɗaya da sauran yara, kuma Sakataren Ilimi ya san wanda ya fi kusa da gidanka. Akwai makarantar kurame ta Wesley a Surulere. Akwai makarantar makafi ta Pacelli, ita ma a Surulere, wadda cocin Katolika ke gudanarwa tun 1962. Akwai ta Modupe Cole a Akoka domin masu raunin ƙwaƙwalwa. Malaman irin waɗannan yara kuwa ana horar da su a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke garin Oyo, wadda aka kafa a 1977, kuma da za mu sami ko da biyu daga cikin matasanmu da suka gama sakandare su nemi gurbi a can, da sun share mana hawaye mai yawa.

Abu ɗaya iyayen kurame su sani tun da wuri. Maganar hannu da kurame ke yi a Kano da sauran ƙasar Hausa daban take da wadda ake koyarwa a makarantun nan. Ta makaranta ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hanyar Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960. Yaro zai dawo gida da alamun da uwarsa ba ta sani ba. Kada wannan ya sa a cire shi. Uwa ta riƙa zama da shi yana koya mata, cikin 'yan watanni za su fahimci juna, kuma a ƙarshe zai iya rubuta mata abin da ke ransa a takarda.

Wannan doka ta 2019 tana da wani sashe da ya juyo kanmu. Sashe na 16 ya haramta amfani da mai naƙasa wajen bara, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. Mun san halin da wasu bayin Allah suke ciki, ba mu zo cin mutuncin kowa ba. Amma yaron da ke tura keken kakansa a kan gadar Agege, ko yarinyar da ke yi wa makaho jagora daga safe zuwa yamma, su ma suna cikin kowane yaron da sashe na 2 ya ambata. Muna roƙon Sarkin Makafi da Sarkin Guragu su zauna da mu a kan wannan.

Yadda ake neman haƙƙi kuwa, da takarda ake nema. Hukuma ba ta jin maganar baki, in ka je ka yi ta bayani a tsaye, kana fita an manta. A rubuta kwanan wata, sunan yaro da ajinsa, abin da ya faru da ranar da ya faru, da abin da ake so a yi. Shafi ɗaya ya isa, ba zagi ba barazana. A yi kwafi biyu, a miƙa ɗaya, a sa magatakarda ya buga hatimin karɓa a ɗayan, a dawo da shi gida a adana. A fara da hedimasta ko firinsifal. In mako biyu ya wuce shiru, firamare a je wurin Sakataren Ilimi sannan SUBEB, sakandare a je wurin Tuto-Janar sannan Alausa, kowane mataki a haɗa da kwafin na baya. Maganar naƙasa a aika wa LASODA kwafi. In duk an bi ba a dace ba, jihar tana da Ofishin Lauyan Talakawa da aka kafa a 2000, wanda ke tsaya wa marar hali kyauta, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a. Sashe na 46 na tsarin mulki ya ba wanda aka tauye wa haƙƙi ikon zuwa Babbar Kotu. Yawancin matsaloli ba sa kaiwa can, da zarar takarda mai hatimi ta isa teburin wanda ke sama da hedimasta sai ka ga gurbi ya samu.

Kuma mu riƙa halartar taron iyaye. Kowace makarantar gwamnati ana son ta kasance da kwamitin al'umma mai sa ido a kan tafiyarta, akwai makarantun da 'ya'yanmu suka cika aji amma babu Bahaushe ko ɗaya a kwamitin, don in an aiko da takardar gayyata sai mu ce ranar kasuwa ce.

Ƙungiya ta yanke shawara biyu. Daga wannan mako, duk ranar Lahadi bayan La'asar, mutum uku daga cikin 'yan ajin yaƙi da jahilci da suka ƙware za su zauna a ofishin ƙungiya su rubuta wa duk mai buƙata takardar koke, ba a biyan ko kwabo. Na biyu, shugabar mata da mataimakanta za su bi gida-gida su rubuta sunan kowane yaro mai naƙasa da ba ya zuwa makaranta, da shekarunsa da irin lalurarsa, domin mu kai sunayen wurin Sakataren Ilimi da LASODA a dunƙule kafin a buɗe sabon zangon karatu. Muna roƙon magidanta su ba su izinin shiga, kuma wanda yake da takardar haihuwar yaron ya fito da ita a ranar. Wanda ba ya da ita ya faɗa, za a haɗa shi da mai raka shi ofishin Hukumar Ƙidaya.

Yanzu za mu karɓi tambayoyi, za mu fara da ɓangaren mata.